Kawu, GOTO da Mutanen Tsallake

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma kawuna, yayan mahaifiyata, ya riga mu. Ya cika da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa a garinmu, can kusa da iyakar Benin idan ka bar Bagudo. Na so in rubuta wannan ta'aziyya da sanyin zuciya, yadda ake yi wa dattawa. Na gwada, abin ya ƙi. Raina a ɓace yake, kuma duk wanda ya san kawu ya san ba zai so in yi wa magana kwalliya a kansa ba.

Mutane sun zo. Na Bahindi sun zo, na Lafagu sun ciko mota, tsofaffin abokan aikinsa sun yi ta bugo waya daga birni. Mata a cikin gida suna cewa mutum ne mai faɗa amma ba ya riƙo. Wani malami a zaure ya ce shi dai bai taɓa gane sana'ar mamacin ba, abin da ya sani kawai ba ya fashin jam'i. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko shi ne mai danne-dannen nan na asibiti, na ce shi ne. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a wuya wata magana ce da ta taso tun a maƙabarta, ta shigo gida kafin magariba, wai ko mutum ɗaya daga tsallake bai zo jana'iza ba.

Tsallake, a bakinmu, ita ce ƙasar Benin: ƙauyuka da tungayen masunta da ke bayan iyaka, waɗanda asibitin garinmu ya fi musu kusa da nasu. Muna auratayya da su, muna cin kasuwa ɗaya. Kawu ya ɓata da rabin manyan gari saboda su.

Shugaban kwamitin asibiti ne ya fi kowa ɗaga murya a kan maganar. Taubashin kawu ne, tare suka tashi. Ina miƙa kwanon abinci ta ƙofar zaure na ji shi yana cewa:

"Kun dai gani. Mutanen da yaɓ ɓata da kowa saboda su. Da kaina nis sa anka aika saƙon rasuwa ta na'urar asibiti, ga kowa da kowa. Ko guda bai tako ba."

Na dire kwanon har miya ta zube. Ni ce ke zaune gaban allon wannan na'ura kullum, na san abin da take aikawa da abin da ba ta aikawa. Saƙon bai je tsallake ba, ba shi da hanyar zuwa, kuma mai maganar yana cikin waɗanda suka toshe hanyar. A can tsallaken akwai marasa lafiya da wata da watanni ba wanda ya tuna musu ranar karɓar magani. A kan wannan kawu ya yi faɗansa na ƙarshe, shi ya sa ba zan iya ba da labarinsa ba sai na bi ta cikin aikinsa.

Kawu ya yi karatun kwamfuta tun ana kallon abin kamar siddabaru. Ya yi aiki a Kaduna da Legas, yana rubuta umarnin da ke zaune a cikin rumbun bayanai, irin wanda ke tashi da kansa ya bi sunaye ɗaya bayan ɗaya ya yi abin da aka ce masa. Ya dawo gida a shekarun da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, da tabarau mai igiya da hawan jini da bakin da ba ya shiru. Da ƙungiyar gari ta gina ƙaramin asibiti, shi ya kafa mata rumbun bayanan marasa lafiya, don Allah. Ni kuwa na gama makarantar koyon aikin lafiya ke nan, sai ya ce wa mahaifiyata ya ɗauke ni. Bai tambaye ni ba.

Ba ya girmama na'ura ko kaɗan, da jaki yake kwatanta ta. "Jaka ta," in ji shi. "Inda kinka kora ta nan za ta, ko rami na." Idan wani ya ce kwamfuta ta yi kuskure, sai ya sauke tabarau ya tambaye shi wa ya koro ta.

A bakin kogi ya koya mini tsalle. Mun je sayen kifi, ya riƙe mini hannun riga ya nuna wani jirgin kaya.

"Dibi mai jirgin can, ɗiyata. Shina bin tunga-tunga, kowace shi tsaya shi sauke kaya. Wanga shi na zagaye. To in yaz zo wata tunga yag ga ba shi iya tsayawa fa? In yaj juya gida yab bar sauran duka, EXIT ke nan. In yaw wuce ta yan nuhi ta gaba, ko waiwaye babu, CONTINUE ke nan. In yam mai da jirgi ga mai shi yac ce ya gama aikin yau, RETURN. In kuwa akwai wani turke da anka kahe anka ce mai, komi yaf faru sai ka biya ta nan, wannan GOTO na."

Na ce na gane. Ya ce ban gane ba tukuna. Duka huɗun tsalle ne, kuma duk wanda ya yi tsalle ya bar wani abu a ƙarƙashin ƙafarsa. Aikin mai rubutu shi ne ya san me ya bari, a asibiti kuwa, wa ya bari.

Kada wani ya zaci kawu masoyin GOTO ne. Ya tsane shi. Aikin farko da na rubuta da kaina na cika shi da GOTO, nan ya tsallaka can, can ya dawo nan, ina ta jin daɗin kaina. Ya buga shi a takarda, ya ba ni tsinken tsintsiya ya ce in bi hanyar mutum ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Kafin in kai tsakiya na ɓata. Ya tsaya a kaina yana shan kunun tsamiyarsa har na fara hawaye, sannan ya ce, "Ke da kinka saƙa shi kin ɓace ciki. Wanda za shi zo bayanki fa?" Ban yi masa magana ba har washegari. Da safe na tarar ya ajiye mini gasasshen kifi a kan tebur, na cinye.

A duk aikin da ya yi wa asibiti GOTO ɗaya tak ya bari, kuma a kansa aka yi rigimar.

Kowace safiya umarnin yana tashi ya bi masu ranar dawowa: masu ciki, yaran rigakafi, masu hawan jini, masu tarin fuka. Kowa a tura masa saƙon waya. Amma hanyar tura saƙon ba ta kai wa lambar Benin, wasu kuma ba su da wayar ma. Idan zagaye ya iso kan irin wannan mutum, kawu bai ce a wuce shi ba. Ya ce a yi tsalle zuwa wata alama a gindin zagayen, wadda ya raɗa wa suna kafin_ka_wuce. Kowa sai ya biya ta nan, wanda aka tura wa da wanda ba a tura wa ba. A nan ake rubuta abin da ya faru da shi, kuma duk wanda saƙo bai je masa ba sunansa ya fito a allona. Ni kuma in fita bakin titi in ba 'yan kabu-kabu sallahu, in ba masu jirgi, in ba mata masu kai daddawa kasuwar tsallake. A gaya wa wance ranar awonta ta zo. A gaya wa wane maganinsa ya kusa ƙarewa. Haka muka yi shekaru, kuma mutane suna zuwa.

Cikin masu zuwa akwai wani tsohon masunci, Badende, abokin kawu tun suna yara masu iyo. Yana zaune a wata tunga da waya ba ta kamawa sai an hau tudu. Idan ya shigo asibiti, kawu zai tare shi da "Fofo," gaisuwar Dendawa, ya ɗora da Dendancinsa na karambani, tsohon ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce don Allah Malam a koma Hausa. Tarin ne ya zama na fuka. Maganinsa na watanni ne, ba a yanke shi, in an yanke ciwon ya dawo da ƙarfin da ya fi na da. Tsohon ba ya lissafi da kalanda. Shi dai ya san in sallahu ya zo daga asibiti, ya kwance jirgi ya taho. In bai zo ba, to likita bai neme shi ba.

Sai wasu masu taimako suka ba asibiti sababbin na'urori, suka haɗo da wani injiniya daga babban birnin jiha ya sabunta komai. Ba ni da abin faɗa a kan iliminsa, ya san aikinsa, hannunsa ya fi na kawu sauri. Kwamiti ya yi wa kawu godiya, ya ba shi takardar yabo a cikin gilashi, ya karɓe mabuɗin shiga rumbun daga hannunsa da nawa. Aka bar mini allon kallo kawai.

Washegari allona ya fito fari fes, ba suna ko ɗaya. Rana ta gaba ma haka. Na gaya wa kawu. Ko hula bai tsaya sawa ba, na bi bayansa.

Ya tarar da injiniyan da shugaban kwamiti a ofis, ya ce a nuna masa zagayen safe. Injiniyan ya buɗe cikin ladabi, har da ɗan alfahari. Ya ce ya share GOTO ɗin nan, yanzu ba a rubutu da shi, a makaranta ma hana shi ake yi. A wurinsa ya sa layi ɗaya mai tsabta: idan lamba ba ta Nijeriya ba ce, CONTINUE.

Kawu ya sa yatsa a kan allon, ya ja shi ƙasa a hankali har gindin zagayen.

"To wanga wurin da aka rubuta wanda ba a kai ma saƙo ba, wa ka iso shi?"

"Waɗanda aka tura musu, ranka ya daɗe."

"Waɗanda ba a tura ma ba fa?"

"Su ai sun koma sama, an ɗauko na gaba."

"Ba su koma ko'ina ba. Jirgi yaw wuce su, suna tsaye bakin ruwa." Ya cire tabarau. "Ni ban hana ka CONTINUE ba. GOTO ɗin nan na riga ka ƙin shi, tun ba a haihe ka ba. Lokacin da nir rubuta wanga, harshen ma ba shi da CONTINUE. Sa abinka. Amma rubuta sunan mutum kahin ka tsallake shi. Layi guda na."

Injiniyan ya kalli shugaban kwamiti. A wannan kallon na gane ba mantuwa ba ce. Injiniyan ya ce shi abin da aka ce masa ke nan, tsarin na 'yan ƙasa ne.

Shugaban kwamiti ya yi dariya irin ta taubasai. Ya ce tsoho ya ƙi sakin jakarsa, ya ce ko dai akwai wata bazawara a tsallake da ba a gaya musu ba. Wannan ita ce dabararsa tun suna yara: duk abin da kawu ya faɗa da gaske, sai ya mai da shi wasa, kuma al'ada ta hana a yi fushi da abokin wasa. Ya ƙara da cewa ba wanda ya hana su zuwa, ƙofa a buɗe take, in sun zo za a duba su. Kawai dai asibiti ba zai riƙa bin baƙi har gida ba, masu taimakon ma rahoto suke so mai tsabta.

"Yau ba wasa niz zo ba," in ji kawu. "Ku ne kunka cika hili kuna kabbara ranar da anka ce shari'a. Ita tac ce maƙwabci na da hakki. Ban ji inda tac ce a duba lambar wayatai ba. In kun kore su, ku hito ku hwaɗi, a kahe allo bakin ƙohwa kowa shi karanta. Amma ku ɓoye kora cikin kalma guda ta Turanci, inda ba mai gani, wanga rashin kunya na."

Shugaban ya ce za a duba. Da fitarmu na ji suna dariya.

Wannan ne abin da har yau yake ci mini rai. Da sun yi kuskure ne, da na yafe tun tuni, kowa yana kuskure, ni da na saƙa GOTO kamar gidan gizo ba ni da bakin magana. Amma an nuna musu wurin da yatsa. Gyaran bai kai tsawon sallama ba. Suka bar shi, saboda farin allo ya fi daɗin kallo, kuma wanda ba a rubuta ba ba ya cikin waɗanda suka yi fashi. A rahoto sai asibitinmu ya zama gwani, kusan kowa yana zuwa a kan rana. Har yabo aka aiko.

Masu cikin da na riƙe a kai na ci gaba da aika musu sallahu, amma ranakun sashen masu tari ba a hannuna suke ba, allon kuma ya daina nuna mini su. Kawu ya ɗauki wannan a kansa. Kullum yana zaune ƙofar gida da wayarsa da katin Benin da ya saya, yana kiran wanda ya tuna, yana tare masu jirgi, yana zagin kwamiti ga duk wanda ya tsaya gaishe shi. Matarsa, Hajiya, ta yi ta roƙonsa ya sassauta saboda jininsa. Ya ce jinin nasa ne.

Ana cikin damina ya faɗi. Ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Mutumin da bakinsa bai taɓa hutawa ba ya koma sai ido. Hannu ɗaya ya rage masa, kuma da shi yake tura wayarsa ga duk wanda ya zauna kusa. Mu kira masa babban ɗansa a birni, ya kau da kai. Mu kira 'yarsa, ya kau da kai. Mu kunna masa karatu, ya rufe ido, in an jima ya sake turo wayar. Hajiya ta ce rigimar ciwo ce. Haka ya yi ta yi har Allah ya karɓi abinsa.

Daren rasuwar na ba 'yan kabu-kabu sallahu, kuma daga washegari mutanen tsallake suka fara shigowa, mata da maza, wasu da kuka, suna tambayar me ya sa ba a gaya musu ba a kan lokaci. Masu cewa butulci sai suka sauya hira. Tsohon masuncin ne kawai ba a samu ba, ruwa ya cika, ya ƙaura wata tunga.

Ranar kasuwa ya zo, ana zaune a zaure bayan addu'ar bakwai. Na gan shi tun daga bakin lungu, ya rame har rigarsa tana yawo a jikinsa, yana riƙe da ƙunshin busasshen kifi. Ya ga tabarmi, ya ga mutane, ya rage tafiya. Ya yi sallama, tari ya hana shi ƙarasawa. Da ya lafa ya ce:

"Ina Malam?"

Liman ne ya gaya masa. Ya durƙusa a inda yake, kifin na hannunsa, ya daɗe bai ɗago ba.

Na fito daga cikin gida, ban damu da cewa zauren maza ba ne. Na tambaye shi yaushe rabonsa da karɓar magani. Ya ce tun farkon damina. Sallahu ya daina zuwa, Malam ma ya daina kira, shi kuwa ya ɗauka an sallame shi ne, ya warke. Kifin ma na godiya ne ya kawo.

Hajiya tana bayan labule. Na ji ta ce, a hankali, "Wayar nan da yake ta turo mana." Sai ta fashe da kukan da ba ta yi ba ranar rasuwar.

Shugaban kwamiti ya gyara zama. Ya yi wa tsohon ta'aziyya, ya ce ai sun yi mamakin rashin ganinsa a jana'iza, don kuwa an aika wa kowa da kowa.

Tsohon ya laluba aljihu ya fito da wayarsa, wata 'yar ƙarama da aka ɗaure da roba. Ya duba ta, ya juya ta, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Duba mini, Alhaji, ni ban iya karatu ba. Ko ni ba ni cikin kowa?"

Alhaji bai karɓa ba. Wannan karon bai samu abin dariya ba.

A ranar na kai tsohon asibiti. Gwaji ya nuna ciwon ya dawo, kuma maganin da yake sha a da ba lalle ya ƙara yi masa aiki ba, an tura shi babban asibiti. Ban san ko zai tashi ba. Kwamiti ya zauna, ya yanke shawarar sa wa ɗakin na'ura sunan kawu. Maganar layin nan kuwa, an ce za a duba.

Ba ma son sunan a bango. Ku cire shi, ku mayar da layin.

Allah ya jiƙan kawu, ya yafe masa zafin bakinsa, ya sa faɗan da ya yi ya zame masa haske a kabari. Ranar da za a kira bayi ɗaya bayan ɗaya, Allah ya sa a tsaya a kansa da rahama. Kifin yana nan a rataye a ɗakin Hajiya, ta hana a taɓa. Yau da safe na kunna allona, fari ne fes.